Likitan Hancin Mota Ya Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye a filin motocina ina yi wa wani mai saye daɗin baki sai waya ta yi ƙara. Babbar 'yarka ce. Ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Na bar mutumin nan tsaye da makulli a hannu, na nemi wuri na zauna.

Likita, sunan da duk layin kanikawa ke kiranka ke nan, alhali ba ka taɓa riƙe allura ba. Wasu za su faɗi yadda kake fitowa titi da akwatin sifana idan motar baƙo ta mace a gaban garejinka. Ni dillalin motoci ne, baki ne jarina, kuma yau na zo in mayar maka da wani abu naka da na riƙe shekara shida.

Ka tuna jar motar da na sayar wa yayan matata, motar nan mai sufacaja, wato na'urar nan da ke danna wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Yaya kuwa tun ranar da na auri ƙanwarsa yake mini kallon ɗan damfara. Da safe motar sai ta riƙa fizga kamar za ta bar ƙasa. Rana na takewa, ta shiga cunkoso, sai ta yi laushi, ka taka ta ƙi. Ya ba ni mako guda, ya ce in ba ta gyaru ba zai tara dangi su ji irin surukin da suka samu.

Na kawo maka ita ina gumi. Ka buɗe bonet, idonka ya sauka kan wata matatar iska mai ƙyalli da ke zaune daf da inji. Ni na sa ta. A kwalinta an rubuta wai ta iska mai sanyi ce, ni kuma na dasa ta inda mai saye zai fara gani.

Ka ce, "Wa ya sa wannan a nan?"

Na ce, "Haka ta zo."

"Dillali, ka ji tsoron Allah, ko takardar shago ba ka ɓare ba. Ka cusa mata hanci a hammata, sannan ka ce ta yi gudu?"

Ba ka ƙara kunyata ni ba. Ka zaunar da ni kan tsohuwar kujerar mota da ke bakin ƙofa, ka yi mini bayani. Sufacaja da kanta tana gasa iska idan ta matse ta, to ina ga an ba ta wadda ta riga ta dahu a ƙarƙashin bonet? Kwamfutar motar tana jin zafin, sai ta rage ƙarfi don kada inji ya lalace. Ka jona na'urar aunawa, muka ga iskar ta haura digiri saba'in. Kwana biyu ka yi a kanta. Ka ja bututu zuwa bayan bamba inda iskar waje ke shiga, ka yanko farantin alminiyam ka yi katanga tsakanin matatar da inji, ka wanke ƙaramin lagireton da ke sanyaya iskar. Muka sake aunawa da tsakar rana, ta tsaya arba'in da 'yan kai. Ka ce in gargaɗi mai ita kada ya faɗa ruwa mai zurfi, tunda hancin ya sauko.

Na mayar wa Yaya mota, na kwashe bayaninka kaf na juye masa kamar daga kaina ya fito. Har "hanci a hammata" na sace, na ce kamfani ne ya yi kuskuren. Ranar ce ya fara miƙo mini hannu da fara'a. Daga baya ya kawo maka motar canjin mai, ya yi ta yaba maka basirar mijin ƙanwarsa. Abin da ka ce masa kawai, "Ai yana da kai." Tun daga nan duk sanda na shigo gareji sai ka ɗago daga ƙarƙashin mota ka ce, "Injiniya, sannu da zuwa," ka yi murmushi, ni kuma in canza magana. Kullum ina cewa gobe zan gyara.

Jiya wajen gaisuwa, a gaban 'ya'yanka, na faɗa wa Yaya komai. Sai ya ce, "Da ka faɗa yana raye."

Ya Allah, bawanka ya rufa mini asiri alhali yana da ikon tona ni da kalma ɗaya. Ka rufa masa nasa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ga maiɗakinsa, da 'ya'yansa huɗu, da abokan aikinsa na layin kanikawa, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Ku kuma ku yafe mini a madadinsa.