Linzami Ɗaya, Kwamfuta Biyu

Mai Zane ake ce masa a layin, domin rabin allunan da ke saman shagunan unguwar daga hannunsa suka fito. Da buroshi ya fara tun yana saurayi. Da kwamfuta ta zo bai yi gardama ba, ya sayi ɗaya ya haɗa ta da injin yanka haruffa, kuma daga ita bai ƙara ba. Ta tsufa, farinta ya koma ruwan ƙasa, in an kunna ta sai ta yi ta nishi kamar mai hawa tudu. Duk wanda ya ce ya canza ta, amsa ɗaya yake samu: "Ta san hannuna."

Abin nan da ake turawa a kan tebur kibiya ta motsa a fuskar kwamfuta, mutane na ce masa maus, shi kuwa linzami yake cewa, kuma ba ya bari a taɓa masa. 'Yarsa, wadda yake kira Uwata don ta ci sunan mahaifiyarsa, a shagon ta girma tana ɓare takarda daga jikin haruffa. Ta koyi zane, ta sayi tata sabuwar kwamfutar, amma duk allon da zai fita daga shagon shi ke zana shi. "Mutum biyu ba sa riƙe linzami ɗaya," in ji shi. Taurin kai dai, Allah ya ba shi rabonsa.

Sai ciwo ya zo ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, baki ya dawo, hannun ne ya ƙi. Wata da watanni yana gida yana kallon bango, 'yar na riƙe da shago. Bai taɓa tambayar ta aikin wa take yi ba. Ba zafin ciwon ke cinsa ba, tsoro yake kada a ce tasa ta ƙare. Ta gane haka, shi ya sa ta nemo masa linzami na zamani mai ƙwallo a sama, wanda yatsun hagu za su iya murzawa.

Sai dai bakin wayar sabon linzamin mai faɗi ne, ramin tsohuwar kwamfutar kuwa zagayayye. An gwada ɗan mahaɗi, kibiya ta ƙi motsi. Mai gyaran kwamfuta da ke ƙarshen layi ya jujjuya abin ya ce, "Ba yarensu ɗaya ba, sai da tafinta." Ya kawo wani ɗan akwati mai maɓalli biyu: a soka linzami ta gaba, wayoyi biyu su fita ta baya zuwa kwamfuta biyu. Ya sa tsohuwar a na ɗaya, ya sa ta 'yar a na biyu don gwaji tunda teburinsu ɗaya, ya ga duk suna amsawa, ya yi tafiyarsa.

Washegari ta kawo mahaifinta shago, ta zaunar da shi a kujerarsa. Ya yi bisimilla, ya ɗora yatsun hagu a kan ƙwallon ya murza. Kibiya ba ta motsa ba. Ya sake murzawa, hagu da dama, sama da ƙasa, har gumi ya tsatsafo masa. Kibiya na nan inda take. Zuciyarsa ta karye.

"Uwata," ya ce a hankali, "ashe na hagun ma ya tafi."

Ta juyo a firgice, sai idonta ya faɗa kan fuskar tata kwamfutar, inda ta bar allon wani mai gyaran takalmi a buɗe. Ga kibiya nan tana yawo a kan haruffan.

"Baba, hannunka lafiya lau! Mai gyara ne ya bar akwatin a kan biyu. Ga ka nan a wajena."

Ta kai hannu za ta danna ɗaya.

"Dakata."

Bai taɓa tsayawa ya kalli aikinta ba sai ran nan. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya murza ƙwallon, ya kai kibiya kan jelar wani harafi da ta lanƙwaso ta ƙarƙashin sauran.

"Wa ya koya miki wannan?"

"A allunanka na gani, Baba. In za ni makaranta, sama nake kallo."

Kunya ta kama shi, daɗi kuma ya cika shi, bai san da wanne zai ji ba. Ya nuna wasu haruffa biyu da kibiyar. "Waɗannan sun matsu. Ba su iska."

"To, Baba. In mayar maka ɗaya?"

Ya dubi tsohuwar kwamfutarsa tana ta nishinta. Ya sa bayan hannun hagu ya tura linzamin a kan teburin, sannu a hankali, har ya taɓa yatsunta.

"Bar shi a biyu, Uwata. Jawo mini kujerar kusa in ga yadda kike yi."