'Ya'ya Nawa Gare Ki, Nasiba?

Nasiba Ibrahimu tana da shekara talatin da ɗaya. Aikinta shiƙar riɗi da rairayarsa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, aikin da ta gada daga uwarta. A Doka aka haife ta. Kakanta da shanu ya zo ƙasar, ubanta da fartanya ya mutu. Kunnenta na hagu ba ya ji, shi ya sa mai magana da ita yake zagayowa ta dama.

Mijinta Suleiman, direban tarakta a gonakin Simsim, shi ya kashe kunnen da mari. Yakan yi wata huɗu a gona, ya dawo da fushi. Shekara goma tana haƙuri. Bara, bayan an gama yankan dawa, ya kama ta da duka a gaban yara har maƙwabta suka shigo. Da gari ya waye ta kwashi Khalid da Safaa ta koma ɗakin ƙanwar uwarta, ta ce kotu za ta raba su.

Wata abokiyar aikinta ce ta kai ta wurin lauya, Batoul Abuelgasim. Ita Batoul yaƙi ne ya koro ta daga Khartoum a 2023. Ofishinta ɗaki ne guda a bayan shagon mai kwafin takardu, tebur ɗaya, kujera biyu. Ba ta jin Hausa, da Larabci suka yi magana.

"Ya Nasiba, ni ba surukarki ba ce," in ji Batoul. "Kada ki ji kunyata. Abin da kika ɓoye mini, a bakin lauyansa zan ji shi, kuma a ranar ba zan iya yi miki komai ba."

"To, Ustaza."

Nasiba ta yi duk abin da aka ce. Ta kawo takardar aure da takardar likita kan kunnen. Ta nemo maƙwabta biyu da suka yarda su yi shaida. Ta daina amsa wayar Suleiman. Ba ta taɓa makara ba. Batoul ta ce da duk masu zuwa wurinta haka suke, da furfura ba ta fito mata ba.

Tambaya ɗaya ce kawai ta kuskure, tun ranar farko.

"'Ya'ya nawa gare ki?"

"Biyu."

Batoul ta rubuta biyu, ta nemi kotu ta bar wa uwa riƙonsu.

Uku ne. Akwai Manahil, 'yar fari, mai shekara takwas. A gidansu Nasiba uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an tambaye ta 'ya'yanta ba ta lissafa shi. Uwarta ma haka ta yi da yayar Nasiba, Adda Haliima. Ranar da aka yaye Manahil, Adda Haliima, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta goya ta zuwa Doka. Nasiba "'yar Adda" take ce mata. Duk ƙarshen wata takan hau bas ta kai sabulu da man riɗi, ta zauna nesa tana kallon yarinyar ta gefen ido. Ba ta ɗauki amsar da ta ba Batoul ƙarya ba. Ladabi ta yi.

A zama na uku lauyan Suleiman ya miƙe da takardar haihuwa a hannu. Ya ce mai ƙara tana da 'ya da ta jefar a ƙauye shekara shida, har ta mance ta saka ta a takardarta. Ya ce uban yana neman 'yarsa.

Batoul ta juyo ta dubi Nasiba. Alƙali ya tambayi Nasiba ko yarinyar tata ce. Ɗakin cike da maza, har da kawun Suleiman. Nasiba ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yar Adda ce." Magatakarda ya rubuta.

Suleiman ya san abin da take nufi sarai. Shi ma ɗan fari ne, uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Amma ya bar maganar a haka, ya ɗaga kai yana duban silin.

A waje Batoul ta kasa riƙe muryarta. "Yarinya guda, Nasiba! Ba akuya ba, ba gado ba! Na tambaye ki!"

"Ustaza, ba a faɗa."

"Wa ya hana?"

"Haka muka taso."

Batoul ta zauna a kan dakali. Sannan ta ce, "Ni ma da laifina. Shekara biyu ina garin nan, ban taɓa tambayar wata cikinku haihuwa nawa ta yi ba. 'Ya'ya nawa kawai nake cewa."

Kotu ta raba auren saboda cutarwa, ta bar wa Nasiba Khalid da Safaa. Manahil kuwa, tunda uwar ba ta neme ta ba kuma ba a hannunta take ba, aka miƙa ta ga uban. Ya ɗauke ta daga Doka ranar Laraba, ya kai ta garin Fau wurin uwarsa. Adda Haliima ta bi motar da gudu har bakin titi. Tun daga ranar ba ta ƙara yi wa Nasiba magana ba.

Batoul ta ce za a iya ɗaukaka ƙara, amma ba ta yi alkawari ba. Ta ce sai an kawo dattijon da zai bayyana al'adar, kuma sai Nasiba ta tsaya da bakinta ta ce 'yarta ce. In sun ci ma, yarinyar wurin Nasiba za ta zauna, ba Doka ba.

Ranar Lahadi Nasiba ta zo ofis da ƙurar riɗi a mayafinta. Batoul ta ɗauko sabuwar takarda, ta zagayo ta dama.

"'Ya'ya nawa gare ki?"

"Uku."

"Sunan ta fari?"

Nasiba ta dubi ƙofa. Injin kwafi yana ta ƙara a shago. Da ta faɗi sunan, muryar ba ta fito sosai ba, sai da Batoul ta ce ta maimaita, domin a kotu alƙali yana zaune nesa.