Dabo Magini da Simintin Kashin Maƙera

A ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Dawakin Tofa, duk wanda zai tayar da gini yakan fara tambaya ko Malam Dabo yana gari. Ɗan gidan maƙera ne, amma tun yana saurayi hayaƙi ya riƙa sarƙe masa numfashi, ya ajiye zuga-zugi ya bi magina. Ya fara da tubali, ya koma bulo lokacin da bulo ya shigo ƙauye. Da damina ba ya karɓar aiki sai ya gama maimai a gonarsa ta gero da wake. An san shi da aiki mai kyau, an kuma san shi da rashin yarda. Yashi sai ya murza a tafin hannu, ruwan kwaɓi sai ya ɗanɗana.

Shekarar da mutanen unguwarsu suka haɗa kai za su gina tankin ruwa kusa da rijiyar burtsatse, shi aka ba aikin. Aka kawo siminti daga shagon Alhaji Jamil na Ɗambatta. Dabo na farke buhun farko ya tsaya, don garin ya fi wanda ya saba gani haske. Ya kwaɓa kaɗan ya yi ɗan dandamali. Washegari ya danna farce, farcen ya shiga. Bayan kwana uku ya fasa gefe da guduma, ya ga cikin ya yi kore-kore kamar gansakuka.

Ranar kasuwa ya hau mota da gutsuren a aljihu. A gaban masu sayayya ya ajiye shi kan teburin Alhaji Jamil, ya ce an buɗe buhunan an cuɗa da toka. Alhaji ya rantse, ya nuna masa bakin buhu yadda ya fito daga kamfani. Dabo ya ce ai masu wannan sana'a sun iya rufe buhu, ya juya ya tafi.

Rufaida, 'yar ƙanwarsa da ta karanta aikin injiniya a Kano, ita ta zo ta karanta rubutun jikin buhun. Ta ce a manyan masana'antun narka ƙarfe, dattin da ke tasowa saman narkakken ƙarfe ake watsa wa ruwa ya huce nan take, a niƙa shi, a haɗa da siminti. Irin wannan yana jinkirin kamawa, amma daga baya yakan yi ƙarfi, kuma yana jure ruwan zartsi. Koren ma zai koɗe idan ya sha iska.

"Kashin maƙera kike nufi?"

"Kusan haka ne, Kawu, amma ba irin na maƙerar Kaka ba."

"Mu a juji muke zubar da shi," in ji Dabo. "Yanzu an ɗura shi a buhu an ce siminti ne."

Sai kuma ya tambaye ta ko ta biya ta shagon Alhaji kafin ta zo. Ta ce a'a. Ya daɗe yana kallonta.

Ya tsayar da aikin. Ya buga bulo biyu, ɗaya da sabon simintin, ɗaya da ragowar tsohon da yake da shi a gida, ya nutsa su a kududdufin bayan gari. Mata na ta layi da jarkoki, mai unguwa ya aika masa har sau biyu, ya ce sai an cika kwana arba'in. Ranar da ya tsamo su, na tsohon ya dare a bugu na uku, sabon sai a na biyar. Dabo ya ce hannunsa ne ya gaji kafin ya zo kan na biyun. Duk da haka washegari ya fara haƙa harsashi.

Matarsa Hure ce ta tuna masa akwai haƙƙin mutum a kansa. Ya je ya sami Alhaji Jamil shi kaɗai ya nemi gafara. Alhaji ya ce ya yafe, amma a gaban jama'a aka ɓata shi. Da kasuwa ta sake ci, Dabo ya koma ya tsaya a bakin shagon.

"Ku shaida, Alhaji bai cuɗa komai ba," ya ce. "Masu kamfanin ne suka cuɗa, kuma sun rubuta a jiki."

Tankin ya shekara biyar yanzu, bai tsage ba, bai yoyo ba. Idan an yi masa maganar, yakan ce shekara biyar ba komai ba ce a wurin gini. Bara da ya yi wa Hure ɗakin girki, har Kano ya je ya nemo irin simintin da ya saba da shi.