Geron Inna da ya tafi a gumba

Shekarun baya, a ƙauyenmu da ke bayan Bici, mahaifiyata na da wani irin gero da ta gada wajen kakarta. Wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure, kan cinye gonakin maƙwabta, amma nata yana tsaye. Kowace kaka takan zaɓi zangarniya masu kyau ta rataye a saman madafa, hayaƙi na korar ƙwari. Ni kuwa da ɗan bokona, raina shi nake yi, wai ƙwayarsa ƙanana.

Abokina, malamin aikin gona a wata ƙaramar kwaleji, shi ya fara lura. Ya durƙusa ya ce, "Inna, a sam mini kaɗan in bincika. Geron nan zai iya ceton gonakin yankin nan."

Ta cika masa tafi biyu, ta ce, "Malam, kar dai ka bar shi ya daɗe a kwalba."

Ya nemi tallafin bincike na gwamnati. Aka ce sai mai ɗakin gwaji ake ba wa, shi kuma kwalejinsu ko firij babu. Shekara ta zagayo, kuɗin ya sake tafiya manyan jami'o'in birni, wajen masu binciken alkama da shinkafar rani. Ya ce mini, "Ba na jin haushinsu. Amma mu da ke cin gero fa, wa zai duba namu?" Yana ta jiran a dace, ƙwari suka cinye geron da ya ajiye a kwalba, ya zama gari.

Ana haka Allah ya yi wa Inna rasuwa, bayan mun sayar da amfanin gonar shekarar. Ranar sadakar uku, matan dangi suka nemi geron gumba, suka ga zangarniya a rataye, suka sauke suka daka. Ba wanda ya yi laifi, sadaka suka yi mata.

Abokina ya zo gaisuwa, aka miƙa masa gumba ya ci. Da zai tafi ya ja ni gefe, cikin jin nauyi ya ce, "In an kwana biyu, a ajiye mini ko zangarniya ɗaya."

Na leƙa madafa, igiya kawai na tarar.

Har yau abin na ci mini rai. Duk damina in na ga jan furen nan ya rufe gonarmu, sai in tuna maganinsa ya yi shekaru a rataye a gidanmu, yana jiran kuɗin da bai taɓa biyo hanyar ƙauyenmu ba.