Jan Wake a Ƙwarya

Ina yi wa masu karanta wannan mujalla sallama. Ni tsoho ne yanzu, amma abin da zan faɗa ya faru ne ina saurayi, a shekarun farko bayan Nasara ya sakar mana ƙasarmu. A lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, mai rumfar zana, a wani ƙauye na yankin Tibiri. Karatuna bai yi nisa ba. Firamare na gama, aka yi mini ɗan horo, aka danƙa mini alli saboda ƙarancin malamai. Mutanen gari suna kirana mushe, wato malamin boko a bakin Faransanci, suna girmama ni, amma kullum ina cikin fargaba, domin ana raɗe-raɗin cewa da zarar masu babbar takarda sun yawaita za a sallami irinmu.

Bayan kaka sai ga wani baƙo a kan keke daga Dogon Dutsi. Tsarana ne, ɗan ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, Hausarsa irin tamu. Ya ce yana karatu mai zurfi a ƙasar waje kan yadda ake auna ilimin yara, kuma ya dawo ne ya zagaya makarantu, ya ga abin da ɗalibai ke kamawa da abin da ke wuce su. A ɗakina ya sauka, tuwona ya ci. Amma tun daga ranar na sa masa ido. Na ce a raina, ba a auna hatsi a manta da wanda ya noma shi. Wannan ni aka aiko shi ya auna.

Da safe na jera masa yaran da nake taƙama da su. Ya yi dariya, ya tambaye ni ko idan zan sayi gero na saman buhu nake dubawa, ko kuwa hannu nake zurawa har ciki. Sai ya ari ƙwarya, ya zuba farin wake, ya haɗa da ɗan ja kaɗan, ya rufe da ƙyalle. Kowane yaro ya sa hannu ya ɗauki ƙwaya ɗaya ba tare da ya leƙa ba. Wanda ya fito da ja, shi za a jarraba. Ya bayyana mini dalla-dalla cewa ta haka ba son zuciyar malami, ba na baƙo. Na fahimta sarai. Sai dai jan waken ya faɗa wa wasu yaran da na fi jin kunyar a ji karatunsu, baƙon kuma ya tafi da su gindin gawo, ya roƙe ni in tsaya nesa don kada su ji tsorona. Ina hango su, zuciyata na raya mini cewa laifina ake tonowa.

Da la'asar wata tsohuwa mai bori, kakar ɗaya daga cikin yaran, ta same ni da jan waken jikarta a tafin hannu. Ta ce ita dai ta tsufa tana hidimar iskoki, ba ta taɓa jin doguwar da ke zaɓen ɗiya da wake ba, amma aikin boko ba ta san kansa ba. Ta ce mushe, kai ne idonmu, me ya sa aka rufe ƙwaryar, kuma wa ake zaɓa wa yaran? Amsar tana bakina, magana biyu ta isa. Sai na ce mata ni ma ban taɓa ganin irinsa ba, amma da ɗiyata ce da ban bari ta sa hannu ba.

Kafin kasuwa ta ci, maganar ta yi rassa. Wasu suka ce soja za a kai yaran, wasu suka ce wata ƙasa za a tafi da su. Mai gari ya kira ni zaurensa. A shekarun nan hukuma na farautar mutanen da ake zargin sun dawo daga waje da niyyar tada fitina, kowa na tsoron maƙwabcinsa. Na san haka. Na ce wa mai gari ni ban tuhumi kowa ba, amma baƙon ya ƙi faɗa mini ƙasar da ya yi karatu, kuma yana keɓe yara yana yi musu tambayoyi. Ƙarya na yi, ya faɗa mini ƙasar tun muna cin tuwon farko. So nake kawai a kore shi daga garin.

Amma mai gari ya aika wa hukuma. Jandarmomi suka zo da rana tsaka, yara na kallo. Baƙon ya juyo gare ni da murmushi, ya ce musu ni abokin aikinsa ne, na san komai, a tambaye ni. Na ce ni masauki kawai na ba shi. Suka sa shi a mota, suka ɗauki ƙwaryar a matsayin shaida. Waken ya zube a ƙasa, kaji suka tsince.

Aikina ya tsira. Babu wanda ya sallame ni, har na yi ritaya. Bayan shekaru masu yawa na gamu da shi a tashar Dogon Dutsi, ya yi furfura, yana sayar da tikitin mota. Shi ya fara gane ni, ya rungume ni. Ya ce ya daɗe a tsare kafin a gane ba shi da laifi, kafin ya fito an ba wani gurbin karatunsa. Ya ce bai taɓa riƙe ni a zuci ba, ya san tsoron masu kaki ne ya ɗaure mini baki, kuma har yau yana zaton tsohuwar nan ce ta kai shi ƙara. Sannan ya ce akwai abin da bai samu ya gaya mini ba: yaran da suka ɗauki jan wake a lakwal ɗina sun fi na duk garuruwan da ya zaga iya karatu, ya yi niyyar ya faɗa wa manyanmu haka. Na yi masa godiya, na shiga mota. Ko a ranar ban iya faɗa masa gaskiya ba, kuma yanzu ƙasa ta rufe masa ido.

Abin da na koya shi ne, wanda bai yarda da aikin hannunsa ba, kowa ya zo da mudu sai ya gan shi maƙiyi. Ina jan kunnen malamai da duk mai riƙe da amanar jama'a: idan an tambaye ku abin da kuka sani, ku faɗa, kada ku ɗaga kafaɗa ku bar zato ya yi muku aiki. Ina roƙon ku sa baƙon nan a addu'a, ni ma ku nema mini gafara. Har yau idan na zura hannu cikin buhu a kasuwa, shi nake tunawa.