Shaidar Jibo Mai Duban Wata

Yayana Jibo manomi ne a Kwatarkwashi, gero da dawa da ɗan wake, sai awakin da ba su taɓa wuce goma ba. Bai yi boko ba, karatun allon ma bai yi nisa ba. Abu ɗaya Allah ya ba shi, shi ne ido. Tun yana saurayi, duk ranar ashirin da tara ga wata yake hawa dutsen bayan gidanmu kafin magariba, ya tsaya yana fuskantar yamma. In ya sauko ya ce wata ya tsaya, liman ba ya ja da shi, sai ya haɗa shaidarsa da ta wani ya aika wa hakimi. Shekara ashirin da bakwai ana haka, ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ni Yazid, da na sha boko har nake koyar da kimiyya a Gusau, a garinmu ba ni da suna sai "ƙanen Jibo".

Shekara biyu ke nan, a ƙarshen Rajab, ya hau kamar kullum. Bai ga wata ba, amma ya ga wani abu. Fitilu ne a jere kamar 'ya'yan carbi, sun fi ashirin, sun taso daga yamma ba ƙara ba hayaƙi, suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar sama. Ta ƙarshensu, in ji shi, ta tsaya cak, ta koma inda ta fito. Da ya sauko aka tambaye shi a ƙofar masallaci, sai ya faɗi abin da ya gani, tun da bai iya komai ba sai wannan.

Kafin Juma'a gari ya rabu biyu. Masu ƙaryatawa suka ce jirgin soja ne marar matuƙi da ke leƙen daji, wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa ido. Waɗannan ban damu da su ba. Masu gaskatawa su suka cuce shi. Anwar mai shagon cajin waya, wanda ya haddace bidiyon duniya kaf, ya ɗauki muryar Jibo ya watsa, ya ce halittun wata duniya ne suka zo leƙen Zamfara, kamar an rasa wurin leƙe. Tsofaffi suka ce ayarin aljanu ne. Da labarin ya je Tsafe ya dawo, har an ce sun sauka kan dutsen sun yi musabaha da shi. A kasuwar Bungudu na ji wani yana rantsuwa wai sun ba shi dabino.

Na hau mota daga unguwar Tudun Wada a Gusau raina a ɓace. Na sami Jibo yana gyaran darni. Na ce masa taurarin ɗan'adam ne, ana harba su a jere, in sun shiga inuwar ƙasa sai su ɓace. Na nuna masa hoto a waya. Ya daɗe yana kallo.

"Su na," ya ce. "Amma ta baya ta tsaya, ta koma."

"Yaya, ba sa komawa. Ka bar wannan kawai, sauran duk zan yi wa mutane bayani."

"In bar shi ina? Na gane shi da idona."

Liman Malam Bello ya kira shi bayan la'asar, ina zaune. Mutumin kirki ne, kuma na ga abin yana yi masa nauyi. Ya ce shaidar wata amana ce, azumin jama'a ke rataye da ita, kuma ba ya iya kai wa hakimi sunan mutumin da ake wa dariya a kasuwa.

"Malam Jibo, ka ce ido na yay yi maka gizo, maganar ta mutu."

"Allah shi gafarta Malam, in na ce idona na gizo, da wane ido za ni duba muku wata? Abin da nig gani shi nih hwaɗi."

Liman ya juyo gare ni, ya ce ni da na karanta ilimin sama, abin da yayana ya faɗa yana yiwuwa? Da na ce ban sani ba, da ban yi ƙarya ba, domin ba na kan dutsen. Amma girman kai na malamin makaranta ya hana. Na ce ba ya yiwuwa.

Jibo bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ɗauki takalmansa ya tafi ba wa awaki ruwa. Daga ranar bai sake tayar da zancen ba, in an tsokane shi ma sai ya amsa gaisuwar da ba a yi masa ba. Yana noma, yana cin tuwo, yana zuwa jam'i. Matarsa Inno ta ce mini kamar da ginshiƙin ɗaki take zaune. Hawan dutse kuwa bai fasa ba, sai dai in ya sauko ba mai jiransa a ƙofar masallaci.

Bana, ranar ashirin da tara ga Sha'aban, na bi shi. Yamma ta yi ja, ni ban ga komai ba sai ciwon wuya. Can ya ɗaga hannu ya nuna saman wata tsamiya.

"Ga shi can. Siriri awa zare."

Na duba har hawaye suka zo, ban gani ba. Ya sauke hannu. Muka sauko, ya je ya sami liman ya faɗa masa, domin wajibi ne ya faɗa. Liman ya ce, "Madalla, Malam Jibo, mun ji," ya ci gaba da tambayar wasu mutum biyu da ba su ga komai ba. Bayan isha rediyo ta ce ba a ga wata ba, a cika Sha'aban talatin.

Sai dai wanda ya ga wata da idonsa, azumi ya hau kansa ko da an ƙi shaidarsa. Kowa a garin ya san wannan hukunci, ni dai ban taɓa ganin wanda hukuncin ya faɗa kansa ba. Washegari da hantsi Inno ta kawo mana kunu da ƙosai, ta ajiye kofi biyu. Jibo ya tura nasa gabana.

"Sha, Yazid. Ni ina azumi."

Ina jin masu waina suna talla a waje, maƙwabta na dakan gero na sahur ɗin gobe. Na nemi kunya a raina, ko baƙin ciki, ban sami ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Na sha kunun, duka kofi biyun.

Da magariba aka kira salla, ba wanda ya yi gaggawa a garin. Jibo ya zauna a bakin darni da dabino uku da moɗar ruwa, ya yi bisimilla ya sha ruwa shi kaɗai.