Salansar Baba a Wutar Tukwane

Basfar Baba ta zo hannuna ba don an fi sona ba, sai don babu mai so. Da ya rasu ta yi watanni a zaure, kaji suna kwana a kanta. Ni kuma na gama kwalejin horon malamai, aka tura ni wata firamare can bayan Dutsen Zuma, ga motar haya sai ta ga dama take zuwa. Na share ta tas, na ɗaure ɗankwalina tamau, na hau. Duk Kurmin Sarki ba wanda bai leƙo kallo ba.

Sai dai basfar ba ta gudu. Lokacin da Baba yake aikin duba-gari, tun daga bakin kasuwa ake jin ƙararta, mata su hau rufe randuna. A hannuna kuwa nishi kawai take yi. Ko na murɗe totur har ƙarshe, mai keke in ya sa kansa sai ya wuce ni. Akwai wani hawa kafin a kai Zuma, nan take mutuwa kullum, in sauka in tura. Shekarun nan ne aka ɗauke wa garinmu sunansa aka ba sabon birnin tarayya, manyan motoci suka cika hanya. Yaran mota su leƙo suna ihu: "Malama, a kawo igiya?"

Rannan wata tirela ta kusa shafe ni ina cikin turi, labari kuwa ya riga ni isa gida. Yayana, wanda gidan ya koma hannunsa, ya tare ni a tsakar gida.

"Wannan abin ya mutu tare da mai shi," in ji shi. "Ƙarshen wata zan sayar. Kin ishe mu da abin kunya."

"To da me zan riƙa zuwa makaranta, Yaya?"

"Wa ya ce dole sai kin je?"

Nan na gane ba basfar kaɗai za a sayar ba, har da aikina. Na dubi Inna. Tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Tun rasuwar Baba ba ta sa baki a maganar kayansa.

Na tura basfar wurin bakaniken unguwa. Ko durƙusawa bai yi ba ya ce, "Malama, injin ya gaji." Da na matsa masa sai ya sosa ƙeya: "Gaskiya Yaya ya ce kada mu taɓa." Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa wanda ya gaji shi ya san kansa.

A hanyar komawa na tuna wani abu. Injin basfa da fetur gauraye da baƙin mai yake aiki, saboda haka kunkunniya take taruwa ta toshe salansa, bututun da hayaƙi yake fita. Duk ƙarshen damina Baba yakan kwance ta ya jefa cikin wuta a bayan gida, mu yara muna toshe hanci. Tun da ya kwanta ciwo ba wanda ya sake yi. Ashe ba gajiya ta yi ba, numfashi aka hana ta.

Ba damar in hura wuta a gida, Yaya zai gani. Amma mahaifiyar wata ɗalibata, 'yar Gbagyi, maginiyar tukwane ce, kuma ran Asabar suke gashi. Na je can da sifanun Baba da suke ƙarƙashin kujerar basfar, na shimfiɗa buhu, na kwanta a ƙasa na kwance salansar da hannuna. Matar ta jujjuya ta ta ce, "Malama, wannan tukunya taki ba ta da fasali." Ta sa ta a gefen tulin tukwanen inda iska za ta kwashe hayaƙin, aka lulluɓe da itace da ciyawa, aka cinna wuta.

Wari kuwa ba a magana. Hayaƙi baƙi ƙirin ya yi ta fita ta bakinta, matan suna dariya suna kore shi da zannuwa. Gaggawa ta sa na kama ta tun ba ta gama hucewa ba, har yau tabon yana tafin hannuna, kuma ban taɓa jin haushinsa ba. Na yi ta bugunta da sanda, gawayi yana zubowa har ya tara tsibi. Na goge filogi, na mayar da komai na ɗaure.

Bugu ɗaya ta tashi, da wata ƙara mai kaifi wadda ta watsa awaki.

Da na gangara hawan nan a hanyar gida, sai na juya da gangan na sake fuskantarsa. Na murɗa, ta haye ba ko tari. A tsakiyar hawan na tarar da wata motar katako tana ja da ƙyar, na wuce ta, na waiga na ce wa yaran motar, "A kawo igiya?"

A ƙofar gida na iske Yaya da wani mutum mai babbar riga. Ashe ko ƙarshen watan bai jira ba, ya kawo mai saye. Ban tsaya gaishe su ba, na shige zaure da ita tana ruri.

Sai ga Inna ta fito da gudu, ba mayafi, hannunta duk garin tuwo. Ba ni take kallo ba, ƙofa take dubawa ta bayana. Ta daɗe a haka kafin idonta ya sauko kaina. Na kai hannu zan kashe injin.

"Kada ki kashe," in ji ta. Ta juya wajen Yaya. "Ka sallami baƙonka."

"Inna, ai mun riga mun..."

"Na ce ka sallame shi."

Ta zauna a bakin ƙofar zauren, inda take zama da can in ta jiyo ƙarar basfar Baba daga kasuwa, ta share ido da bayan hannu.

"Ƙara murɗawa," ta ce.